Me ya sa lambobin waya suka koma 2147483647?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa wa makarantar Islamiyyarmu shafin rajistar ɗalibai. Da na buɗe ma'ajiyar bayanan sai na tarar lambar wayar kowane uba ta koma 2147483647. Kutse aka yi mana? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, babu wanda ya yi maka kutse. Matsalar tana gurbin da ka ware wa lambar waya, kuma kusan na tabbata nau'in INT, wato na lambobin lissafi, ka zaɓa masa a MySQL, manhajar ma'ajiyar bayanan.

INT yana da bit 32, wato gurabe 32 da kowanne ke ɗaukar 0 ko 1. Guda ɗaya an keɓe shi don nuna ko lambar tana ƙasa da sifili, saura 31. Idan ka cika su duka da 1, abin da za ka samu shi ne 2,147,483,647, iyakar abin da gurbin zai iya riƙewa ke nan. To dubi lambar wayarmu ta Najeriya. Wadda ta fara da 0803, da zarar an ɗauke ta a matsayin lambar lissafi sai sifilin farko ya faɗi, ta zama biliyan takwas da ɗoriya. Ta fi ƙarfin gurbin, shi kuwa MySQL, idan ba a tsaurara saitinsa ba, sai ya ajiye iyakarsa ya yi shiru.

Mayar da gurbin VARCHAR, wato nau'in da ke ajiye rubutu. Wasu za su ce maka BIGINT, wanda ke ɗaukar lambobin da suka fi ƙarfin INT, ni ban yarda ba, domin zai ci gaba da cinye sifilin farko da alamar + ta 234. Lambar waya ba a tara ta, ba a raba ta, rubutu ce. Lambobin da suka riga suka lalace ba za su dawo ba, sai ka koma takardun rajista ka sake shigar da su.

Ita kanta wannan lamba ta cancanci a tsaya a kanta. Mara ce, kuma babu abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Idan ka jera 2 sau 31 ka ninka su, ka cire 1, ita ce. Irin waɗannan ana danganta su ga Marin Mersenne, malamin coci ɗan Faransa da ya mutu a 1648, kuma ita ce ta takwas a jerin da ya fara da 3, 7, 31, 127. Ba kullum dabarar ke ci ba: idan ka jera 2 sau 11 ka ninka su, ka cire 1, za ka samu 2047, wanda 23 da 89 suke rabawa. Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar da tamu ba ta rabuwa a 1772, yana kusan makaho, babu kwamfuta babu kalkuleta. Har yau abin yana ba ni mamaki.

Ka kuma duba yadda shafinka ke ajiye lokaci. Tsofaffin na'urori masu bit 32 suna ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma ƙirgar za ta kai wannan iyaka ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya. Wadda ba a gyara ba za ta iya komawa Disambar 1901. Wayoyin yanzu galibi masu bit 64 ne, wannan bai shafe su ba.