An kama ƙanena a Texas kan zargin sata: ya amsa laifi a wuce wurin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena yana karatu a jihar Texas ta Amurka. Watan jiya 'yan sanda suka kama shi, wai ya fita daga wani kanti da kayan dala 900 bai biya ba. An ba da belinsa. Yanzu mai gabatar da ƙara ya ce in ya amsa laifi ba zai kwana ko ɗaya a gidan yari ba, shi kuma ya ƙosa a gama. Mu ba mu san kan shari'arsu ba. Ya amsa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya kawo sauƙi. Kada ya amsa, kada kuma ya sa hannu a kowace takarda, har sai lauyan da ya san dokar laifuka ta Texas da ta shige da fice ya duba tayin. Ga wanda ba ɗan ƙasa ba, haɗarin yana cikin kalmar "na amsa" fiye da kwanan gidan yari.

A Amurka kowace jiha da kundin dokokin laifukanta, kuma yawancin shari'o'in sata, duka, tuƙi cikin maye da mallakar ƙwaya a kotunan jiha ake yin su. Ana kasa laifi gida biyu: ƙarami, wanda ɗaurinsa ba ya wuce shekara ɗaya, da babba, wanda yakan zarce haka. Inda iyakar take kuwa ya danganta da jiha. A Texas darajar kayan ce ke yanke matakin sata. Ƙasa da dala 100, tara ce kawai. Daga 100 zuwa ƙasa da 750, ɗaurin da bai wuce kwana 180 ba da tarar da za ta iya kai dala 2,000. Daga 750 zuwa ƙasa da 2,500, ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar dala 4,000. Daga 2,500 ya zama babban laifi. Ƙanenki ya faɗa aji na uku ke nan. Da a Kalifoniya ne, kayan da ba su wuce dala 950 ba ƙaramar sata ce mai ɗaurin wata shida.

Ki riƙe wannan "shekara ɗaya" da kyau, don nan gizo ke saƙar. Dokar shige da fice ta tarayya tana lissafa sata cikin laifukan da ke nuna lalacewar ɗabi'a. Baƙon da aka samu da irin wannan laifi, wanda ya aikata shi cikin shekara biyar da shigarsa ƙasar, in laifin ana iya ɗaure mutum shekara ɗaya ko fiye a kansa, ana iya tasa ƙeyarsa. Abin da ake dubawa shi ne hukuncin da doka ta halatta a yanke, ko da alƙali bai tura shi gidan yari ba. Texas tana da wani tsari da mutum zai amsa laifi, alƙali ya jingine hukunci ya sa shi ɗaurin talala, in ya cika sharuɗɗa a kori ƙarar. A idon jiha ba a same shi da laifi ba. A idon hukumar shige da fice an same shi, tunda ya amsa da bakinsa kuma an ɗora masa sharuɗɗa. Akwai yiwuwar irin wannan tayin ne aka yi masa, kuma ɗalibai da dama nan suke rufta.

Saboda haka aikin lauya na farko shi ne bin diddigin dala 900 ɗin nan. Wa ya ƙiyasta? Farashin da ke manne a jikin kayan ne, ko na rangwamen da ake sayarwa a ranar? An haɗa da haraji? An lissafa wani abu da ya riga ya biya? In ƙimar ta sauko ƙasa da 750, tuhumar ta koma ajin kwana 180, lissafin shige da fice ya sauya sosai. Dala 151 ce kawai tsakani. Hanya ta biyu ita ce shirin da wasu ofisoshin masu gabatar da ƙara ke yi wa mai laifin fari: ya halarci darasi, ya yi aikin al'umma, ya biya diyya, a janye ƙarar ba tare da ya amsa laifi a gaban alƙali ba. Ko a nan a karanta takardar layi-layi, don wasu kan cusa furucin amsa laifi a ciki.

Matakan kotun kansu ba su da wuyar ganewa. Bayan kamu ana kai mutum gaban majistare cikin awa 48, a gaya masa tuhuma da haƙƙoƙinsa, a sa beli. Wannan ya wuce. Sai mai gabatar da ƙara ya shigar da takardar tuhuma, a kira shi ya ce ya amsa ko bai amsa ba. Cewa "ban amsa ba" ba taurin kai ba ne, ba kuma ƙarya ba ce. Yana nufin jiha ta kawo hujjarta, kuma ƙofar sasantawa tana nan buɗe. Daga nan lauya zai karɓi hujjojin: hoton bidiyon kanti, rahoton ɗan sanda, bayanin mai gadi. In an yi masa tambayoyi yana tsare ba a karanta masa haƙƙinsa na yin shiru da neman lauya ba, kamar yadda Kotun Ƙoli ta wajabta a shari'ar Miranda a 1966, ana iya hana amfani da abin da ya faɗa, amma wannan kaɗai ba ya kashe ƙarar. In aka kai ga sauraron shari'a, a ƙaramin laifi irin nasa mutum shida daga cikin jama'a ne za su zauna, a babban laifi sha biyu, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya kafin a ce ya yi laifi. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ake samu da laifi a Amurka ta hanyar amsawa ne, shi ya sa cinikin da ake yi kafin ranar shari'a ya fi komai nauyi.

In ba shi da halin ɗaukar lauya, ya cike takardar neman kotu ta naɗa masa. Haƙƙinsa ne tun hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 1963, wanda aka faɗaɗa a 1972 ya haɗa da ƙananan laifukan da za a ɗaure mutum a kansu, kuma baƙo ma yana da shi.

Akwai kura-kuran da ke dagula ƙaramar magana. Kada ya je roƙon masu kantin: ƙarar ta jiha ce, ba su da ikon janye ta, kuma duk abin da ya faɗa musu ya zama shaida. In kantin ya aiko da wasiƙar neman diyya, biyanta ba ya rufe shari'ar, a nuna wa lauya tukuna. Kada ya tsallake ranar kotu ko ɗaya, balle ku ce ya hau jirgi ya dawo. Alƙali zai ba da sammacin kama shi, a ƙwace kuɗin belin, a ƙara masa wata tuhumar, kuma ana iya soke bizarsa tun kafin a yanke hukunci. In ta hannun dillalin beli ya fito, kusan kashi 10 cikin ɗarin da ya biya ba ya dawowa ko an wanke shi. Ke ma, Malama, ki daina tambayarsa yadda abin ya faru ta saƙon waya. Sirrin da doka ta kare na tsakaninsa da lauyansa ne, bai haɗa da yaya da ƙane ba.

Tun 2010, a shari'ar Padilla, Kotun Ƙoli ta ɗora wa lauyan mai kare kai alhakin faɗa wa baƙo ko amsa laifi zai jawo a kore shi daga ƙasar. Ƙanenki ya kai wa lauyan fasfonsa da takardunsa na makaranta, ya nuna masa ranar da ya fara shiga Amurka, sannan ya nemi a ba shi amsar wannan tambaya a rubuce kafin zaman kotu na gaba.