Na Kwafi Saitin Malamin Bidiyo Daidai, Amma Amon Jitata Ya Ƙi Fita Kamar Nasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kaɗa jita a wata ƙungiyar makaɗa, muna zuwa bukukuwa da taruka. Na gaji da ɗaukar amfilifaya, sai na sayi HX Stomp na hannu, ƙaramar na'urar nan mai kwaikwayon amfilifayar jita. Na kalli bidiyo da yawa a YouTube, ina kwafar lambobin da malamin ya sa ɗaya bayan ɗaya. A hedifon amon yana da daɗi, amma da an jona ni a miksa wurin biki sai ya yi kaifi har ya dami kunne, kuma wani firiset (saitin amo da aka adana a na'urar) ya cika wuri, wani ya nutse ba a jin sa. Na ga ana sayar da kwas na bidiyo a intanet. In biya ne, ko na'urar ce ke da matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Daga bayaninka, na'urarka lafiyarta ƙalau. Kuma kada ka yi saurin biyan kuɗin kwas tukuna, domin idan ka kalle shi yadda kake kallon na kyauta, wato kana kwafar lambobi, sakamakon ɗaya ne. Lambobin da malamin ya sa sun dace ne da jitarsa, hannunsa, da lasifikar da yake saurare da ita a ɗakinsa. Abin da ya kamata ka ɗauko daga bidiyonsa shi ne dalilin da ya sa ya murɗa wannan ya bar wancan.

Fara da sanin abin da ke hannunka. Kamfanin Line 6 ya fitar da HX Stomp a 2018, ƙaramin ɗan gidan Helix ne wanda ya fito a 2015. Aikinsa shi ne ya kwaikwayi dukan hanyar da amon jita ke bi a situdiyo: fedal, amfilifaya, akwatin lasifika, da makirufon da aka ajiye a gaban akwatin. Wannan na ƙarshen mutane ke mantawa da shi. Abin da ke fitowa daga na'urar amon amfilifaya ne kamar yadda makirufo ya ɗauko shi, irin wanda ake ji a faifai. Wanda ya saba tsayawa da amfilifaya a bayansa yana jin iska na dukan ƙafarsa zai ji kamar an rage masa wani abu, alhali ba a rage komai ba.

Maganar kaifin nan da ke damunka tana da tushe biyu. Na farko kunnen ɗan'adam ne. Tun 1933 masu bincike biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa idan amo yana ƙasa-ƙasa, kunne ba ya kama kaurinsa da kaifinsa sosai, tsakiyarsa ya fi ji. Shi ya sa mai saiti da dare a ɗaki yake ƙara Bass da Treble har sai ya ji daɗi. Da an ɗaga ƙara a wurin biki, kunne ya dawo yana jin su cikakku, sai kaurin ya koma gurnani yana rigima da mai jitar bes, kaifin kuma ya soki kunne. Tushe na biyu lasifikar ce. Lasifikar amfilifayar jita ta gaskiya tana fara yanke amo daga wajen 5 kHz zuwa sama, ita kuwa lasifikar taro tana da ƙaho mai fitar da komai har can sama. Abin da akwatin jita zai ɓoye, ita za ta tona shi.

Na'urar tana jera kowane sashe na hanyar amon a matsayin gida guda, kuma maganin yana cikin gidan Cab, wato akwatin lasifika na cikin na'urar. Akwai High Cut mai yanke kaifi da Low Cut mai yanke kauri. Sa Low Cut tsakanin 80 da 100 Hz, High Cut kuma ka fara daga 8 kHz kana saukowa. Ga amo mai tsabta, 7 ko 8 kan wadatar. Ga mai ƙazanta da Drive, kada ka ji tsoron sauka har 5.5 ko 6. A hedifon za ka ji kamar ya dushe. Bar shi haka, ka je ka saurara a lasifikar da kuke aiki da ita, da ƙarar da kuke aiki da ita, tare da ganga da fiyano. Idan za ka iya roƙon mai kayan sauti ya ba ka minti 30 kafin taro ko ranar gwaji, wannan rabin awar ta fi maka bidiyo goma.

Ka kuma duba ko akwai Cab ɗin ma a firiset ɗin. Wasu malaman suna jona na'urar ne cikin amfilifaya ta gaskiya, saboda haka suke cire shi, kuma ba kullum suke faɗa ba. Amp (gidan amfilifaya) babu Cab a cikin miksa yana fitar da amo kamar ƙudan zuma a gwangwani. Ƙa'idar ita ce: idan miksa ko lasifikar taro za ka shiga, Amp da Cab duka a kunne. Idan ramin Return na bayan amfilifaya za ka shiga, bar Amp, cire Cab. Idan ramin gaba ne inda ake soka jita, kashe su duka biyun, ka yi amfani da fedal-fedal kawai. A Global Settings, ƙarƙashin Ins/Outs, akwai Output Level: Line ga miksa, Inst ga gaban amfilifaya. Kuma ka tabbata mai miksa ya mayar da EQ na layinka, wato saitin kauri da kaifi, tsakiya, ba saitin makirufon mawaƙin jiya ba.

Sai batun wani firiset ya fi wani ƙara. A gidan Amp akwai Drive, Master da ChVol, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Drive da Master suna canza launin amon, suna ƙara masa ƙazanta da matsewa. ChVol ƙara kawai yake ɗagawa ko saukewa, ba ya taɓa launi. Da shi ake daidaita firiset. Zaɓi firiset ɗinka mafi tsabta ya zama ma'auni, domin shi ne ya fi wuyar ɗagawa, sannan ka sauko da sauran su same shi. Mita tana taimakawa, amma kunne ne alƙali: amo mai Drive yakan ji kamar ya fi ƙara ko da mitar ta nuna daidai suke. Wanda za ka yi solo da shi, ƙara masa 2 ko 3 dB.

Yanzu ga yadda ake cin moriyar bidiyon.

Kafin ka danna kowane darasi, duba shekarar da aka ɗora shi, sannan ka duba lambar manhajar cikin na'urarka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da HX Stomp ya fito, gidaje 6 kawai yake ɗauka a firiset. Manhaja ta 3.0 a 2020 ce ta mayar da su 8. Ta 3.50 a 2022 kuma ta kawo sabon tsarin Cab inda ake matsar da makirufo daga tsakiyar lasifika zuwa gefe. Idan na'urarka ta hannu tana kan tsohuwar manhaja, malamin zai riƙa nuna abubuwan da babu su a allonka, kai kuma ka ɗauka kai ne ba ka gane ba. Ana sabuntawa ta kwamfuta da kebul na USB. Sauke HX Edit, kyauta ne a shafin Line 6, ka fara adana kwafin firiset ɗinka a ciki. Kada ka fara sabuntawa a kan wutar da ba ka amince da ita ba: laftof mai cikakken caji, na'urar kuma a kan inbata ko UPS. Ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya sa ta ƙi tashi sai an sake ɗora manhajar.

Kada ka saurari darasi da lasifikar waya, ba ta fitar da kauri, ba za ka ji bambancin da malamin ke nunawa ba. Sa hedifon, kuma ka sa bidiyon a 720p aƙalla don ka iya karanta allon. Idan data ce matsala, sauke darasi ɗaya mai kyau ka yi ta maimaita shi maimakon kallon biyar a dishi-dishi. Rage gudun zuwa 0.75 inda yake sauri. Jita na cinya, na'ura a kunne. Duk minti 10 na kallo, ba shi minti 30 na taɓawa.

Dabarar da ta fi kowace saurin koyarwa ita ce Looper, gidan da ke ɗaukar abin da ka kaɗa yana ta maimaita shi. Sa 1 Switch Looper a gidan farko, kafin komai, ka kaɗa ɗan gajeren salo irin wanda kake yi a biki, ka bar shi yana zagayawa. Yanzu hannayenka biyu sun samu 'yanci. Idan malamin ya taɓa Mid, tsayar da bidiyon, ka kai Mid ɗinka 0, ka kai shi 10, ka saurari iyakokin biyu, sannan ka nemi inda ya yi maka. Haka za ka yi wa Presence, haka nisan makirufo. Abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya murɗa uku tare ba zai san wanne ya gyara ba, wanne ya ɓata.

Mu a ganinmu, makon farko bai kamata ka wuce gidaje biyu ba: Amp ɗaya, Cab ɗaya, a firiset maras komai. Sunayen da ke ciki na ɓad-da-kama ne saboda dokar alamar kasuwanci, amma littafin na'urar, wanda shi ma kyauta ne, ya jera asalin kowanne. US Double shi ne Fender Twin Reverb, Jazz Rivet 120 shi ne Roland JC-120, Essex A30 shi ne Vox AC30, Scream 808 kuma fedal ɗin Tube Screamer na Ibanez. Ga kiɗan biki mai son amo tsabtatacce mai ƙyalli, biyun farko sun ishe ka. Idan wannan ya zauna, mako na biyu ka ƙara Compressor (mai matse amo) da Drive a gaban Amp, Delay (mai maimaita amo) da Reverb (mai amsa-kuwwa) a bayan Cab. Mako na uku ka koyi Snapshots, wato saiti daban-daban da ake adanawa a cikin firiset ɗaya. HX Stomp yana da guda 3 a kowane firiset, kuma amfaninsu babba ne a dandali: canza firiset yana kawo ɗan yankewar amo, canza Snapshot ba ya yi. Firiset ɗaya mai tsabta, ɗan ƙazanta, da solo zai iya kai ka ƙarshen biki.

Delay yana da lissafi mai sauƙi da malamai kan tsallake. Raba 60,000 da gudun waƙar. Waƙa mai bugu 120 a minti, bugu ɗaya milisakan 500 ne. Kashi uku cikin huɗu nasa, wanda ke ba da salon nan mai tsalle-tsalle, 375 ne. Ko ka taka Tap sau uku ko huɗu tare da mai ganga. Mix ɗinsa ya tsaya wajen kashi 15 zuwa 25. Reverb kuwa, abin da ya yi daɗi a hedifon ya yi yawa a zaure mai siminti da rufin kwano, wurin da kansa yana amsa-kuwwa. Rage shi rabi. Kuma tunda kebul ɗaya kake ba mai miksa, zaɓi nau'in Mono na kowane gida. Stereo yana cin ƙarfin na'urar, shi ya sa wani lokaci za ka ga wasu sunaye sun dushe sun ƙi zaɓuwa.

Jitar kanta ma tana cikin lissafin. Idan malamin yana riƙe da Les Paul mai maganaɗisu biyu a haɗe, kai kuma taka irin Stratocaster ce mai siririn maganaɗisu, tasa ta fi taka ƙarfin fita da kauri. Drive 4 a wurinsa zai iya zama 5.5 a wurinka, Treble ɗinsa kuma ya yi maka yawa. Siririn maganaɗisu yana kuma jawo gurnanin wuta, musamman kusa da janareta da fitilun dandali. A gidan Input akwai Gate; kunna shi, ka ɗaga Threshold sannu a hankali har gurnanin ya ɗauke lokacin da ka dafe tsirkiya, ka tsaya nan. Idan ka wuce, zai riƙa datse wutsiyar amonka. Idan gurnanin yana nan ko da ka kashe ƙarar jitar, ba daga ita ba ne, daga haɗin wutar ne tsakaninka da miksa, kuma akwatin DI, wanda ake sawa tsakanin na'urar da miksa, mai maɓallin Ground Lift ke magance shi.

Tunda na hannu ka saya, juya adaftar ka karanta. Ta asali ita ce DC-3G, bolt 9, amfiya 3, kuma bakinta milimita 2.5 ne, ya fi na fedal na yau da kullum faɗi. Ƙaramar adaftar fedal ba za ta ɗauke shi ba. Alamarta ita ce na'urar ta riƙa mutuwa tana tashi ko ta yi ƙugi. A wurin biki kuma, kashe ta kafin a sauya daga wutar gari zuwa janareta.

To, yaushe kwas na kuɗi ke da amfani? Idan ka yi makonni ukun nan ka ga bidiyon kyauta suna watsa maka hankali, kwas mai tsari zai rage maka yawo, domin tsarin kake saya, ba wani sirri ba. Kalli darasin gwajinsa kafin ka biya. Shin na HX Stomp ne ko na babban Helix, wanda ke da gidaje da maɓallai da ba ka da su? An sabunta shi bayan 2022? Malamin yana gina amo daga firiset maras komai yana faɗin dalili, ko yana karanto lambobi ne? Yana da darasi a kan jonawa da miksa da daidaita ƙara? Idan rabin kwas ɗin tallar firiset ɗinsa ne na sayarwa, riƙe kuɗinka. Akwai firiset na kyauta birjik a shafin CustomTone na Line 6 da za ka buɗe ka ga yadda aka jera su. Kuɗin ya fi amfani idan ka sa shi a kebul mai kyau, akwatin DI, ko ƙaramar lasifika mai wutar kanta da za ka riƙa saiti da ita a gida, ka kuma ajiye ta a gabanka a dandali.