Wanda ba ya cutar da kowa, ya zama mutumin kirki ke nan?

Tambaya: Malam, ina da abokin aiki da ba ya ƙarya, ba ya zagi, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Amma ko a gabansa ake zaluntar wani, sai ya kau da kai ya ce babu ruwansa. Shin barin mugun aiki kaɗai ya isa a kira mutum nagari?

Amsa: Ɗan'uwa, kame hannu da baki abin yabo ne, sai dai bai kai ga nagarta ba tukuna. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana hali da cewa yanayi ne da ya zauna daram a zuciya, har ayyuka su riƙa fitowa daga gare shi cikin sauƙi, ba sai an tsaya dogon lissafi ba. Shi ya sa a wurinsa wanda ya yi kyauta jefi-jefi don wata buƙata ba karimi ba ne, haka ma wanda yake miƙawa yana cije leɓe. Kuma ana samun karimin da aljihunsa babu ko sisi.

Gazali da masanin falsafa Ibn Miskawaih sun tsayar da kyawun hali a kan ginshiƙai huɗu: hikima, jarumta, kamun kai da adalci. Abokinka yana da kamun kai. Jarumta ce ta gaza, kuma idan ta gaza adalci yakan bi ta, domin gaskiyar da aka rasa mai tsaya mata danne ta ake yi.

Tun kafin su, masanin falsafa Aristotle na Girka ya ce kowace nagarta tana tsakanin wuce gona da iri da gazawa. Jarumta tana tsakanin ganganci da ragwanci. Ba a ce abokinka ya tayar da rigima a ofis ba. Ya isa ya buɗe baki lokacin da ake ɗora wa ƙaramin ma'aikaci laifin da bai yi ba, ya ce "ina wurin, ba haka aka yi ba", alhali ya san maigida zai haɗe masa rai.

Ni dai ba zan yanke masa hukunci ba, don sau da yawa abin da ake kira haƙuri tsoro ne ya sa riga, kuma tsoro yana jin magani. Hali da maimaici ake gina shi. Ka ja shi gefe, ba a gaban mutane ba, ka nemi ya fara da ƙaramar shaida wadda ba za ta ci masa aiki ba.