Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya a kan magungunan Mamanta

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, don kamar labarin gidanmu kika rubuta. Kin ce Mama ta haura saba'in, magani takwas take sha kullum, yanzu ga jiri ga yawan barci ga mantuwa, kina tambaya ko a ƙara mata maganin ƙarin jini ne, ko kuwa tsufa ne kawai. Don Allah kada ki ƙara mata ko ƙwaya ɗaya tukuna.

Hajiyarmu da hawan jini ta fara, aka ɗora ta a kan amlodipine. Bayan 'yan watanni ƙafa ta kumbura. Ashe maganin ne kan jawo haka, amma likitan da muka tarar ranar ko kai bai ɗaga ba, ya rubuta Lasix. Lasix ya sa ta fitsari ba dare ba rana, barci ya gagara. Sai yayanmu ya je wurin wani mai kemis a unguwarmu, wanda kowa ke kira dakta alhali ko ƙofar makarantar likitanci bai sani ba, ya ba shi diazepam wai ta riƙa haɗiyar ɗaya in za ta kwanta. Ga diclofenac na ciwon gwiwa, ga Piriton duk sanda ta yi atishawa, ga Daonil na ciwon suga da ta shekara goma tana sha ba wanda ya sake dubawa.

Ranar da ba zan manta ba wata Talata ce da asuba. Na ji ƙarar buta, na fito na tarar da ita a ƙofar banɗaki kwance, zaninta ya jiƙe, gumi sharkaf kamar an watsa mata ruwa, ga sanyin hunturu. Ina kiran Hajiya Hajiya, tana kallona tana kiran sunan ƙanwarta da ta rasu tun ina firamare. Hannunta na dama ya lanƙwashe ƙarƙashinta. Gwaggonmu ta ce iska ce, a kira malam. Yayanmu ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ni kuwa ina durƙushe na riƙe kanta ina ta salati, na gama sallamawa. Allah Ya sa maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce, ta shigo da 'yar na'urarta ta soki yatsa, suga 2.1, wato ya faɗi ƙasa sosai. Ashe a daren tuwo loma biyu Hajiya ta ci ta ce ta ƙoshi, amma Daonil ɗin ba ta fasa ba. Kwana shida muka yi a asibiti, hannu ya karye a wuyan hannu, har yau ba ta iya murɗe murfin gora da shi.

Mai kemis ɗin nan kuwa, da na je na same shi, budar bakinsa sai ya ce ai ƙaddara ce, tsoho dama sai a hankali. Ko a jikinsa. Har da tambayata ko za a ƙara mata haɗi na ƙarfin jiki. Haɗin nan da yake ƙullawa a farar leda, ƙwaya biyar shida ba suna ba kwali! Na bar shi da Allah, amma har gobe in na wuce shagon sai na ji zuciyata na tafasa. Shi ma yayan namu mun yi wata ba ma magana, ko da yake da kyakkyawar niyya ya yi.

Wata matashiyar likita ce ta cece mu. Ta ce in kwaso duk abin da Hajiya ke sha, har na gargajiya da wanda 'yan Umara suka kawo tsaraba. Na juye leda a kan teburinta, iri goma sha ɗaya. Ta nuna mini wani jeri a wayarta da ake kira Beers, sunan likitan Amurka da ya fara tsara shi a 1991, na magungunan da ake gudun bai wa wanda ya kai 65. Diazepam na ciki, Daonil na ciki, Piriton na ciki. Ta ce ƙodar tsoho da hantarsa ba sa tace magani da sauri kamar na yaro, shi ya sa diazepam kan yi kwanaki a jiki yana taruwa, sai jiri da faɗuwa. Piriton kuma kan rikita tunani ya busar da baki ya ɗaure ciki, mu muna ta cewa gigin tsufa ne. Diclofenac ga mai shan maganin fitsari kuwa ƙoda yake ci, ban da gyambon ciki.

Amma ki ji ni da kyau, kada ki je ki kwashe magungunan Mama da kanki. Na hawan jini in aka yanke shi haka kawai bala'i ne, diazepam ma a hankali aka riƙa rage wa Hajiya har tsawon makonni. Ki kai ledar gaba ɗaya wurin likita ɗaya, ki tsaya a kan kowace ƙwaya ki ce wannan na mene ne, har yanzu tana bukatarsa? Kada ki ji kunya, uwarki ce. Ki roƙa a yi gwajin ƙoda, a auna jininta tana zaune a sake aunawa ta miƙe tsaye. In akwai mai harhaɗa magunguna na gaske a asibitin, shi ma ki nuna masa.

Sannan maganar azumi, tunda tsofaffin nan ba sa jin bari. Hajiya sai da limamin unguwa ya zo har gida ya ce mata ta ciyar kafin ta haƙura. Kuma ki sa wa Mama fitila a hanyar banɗaki, ki ɗauke tabarmar da ke naɗewa.

Yanzu magani huɗu Hajiya take sha, ta koma karatun Alƙur'aninta da hantsi, har faɗa take yi wa jikoki. Ki duba mini kwalin maganin sugar Mama yau ɗin nan, in kin ga an rubuta glibenclamide, wato Daonil ɗin nan, kada ki jira ranar ganin likita ta wata mai zuwa, ki kai ta gobe. Allah Ya ba ta lafiya.