Kallon fim zai taimaki 'yata ta ci Turanci a WAEC?

TAMBAYA: Malama, 'yata tana aji biyu na babbar sakandare, baɗi za ta zana WAEC da NECO. Malaminsu na Turanci ya ce su riƙa karanta littattafan labari da kallon finafinan Turanci. Babanta ya ce shiririta ce, a saya mata tambayoyin shekarun baya ta haddace. Ni na rasa bayan wa zan bi.
Daga wata uwa a Gusau.

AMSA: Hajiya, ki gaishe da maigida, ki ce masa damuwarsa tana kan hanya, amma hadda ba za ta fitar da yarinya ba. Labarin da za a ba ta a zauren jarrabawa ta karanta ta amsa tambayoyi a kai sabo ne, ba ta taɓa ganinsa ba. Amfanin tambayoyin baya shi ne ta san fasalin jarrabawar, ta kuma saba da aiki da agogo.

Turancin WAEC takarda uku ne. Ta farko tambayoyin zaɓi ne a kan kalmomi da nahawu. Ta biyu ita ce mai nauyi: insha'i na kalmomi kusan 450, da fahimtar labari, da taƙaita shi, duk cikin awa biyu. Ta uku ta furuci ce, tambaya 60 a minti 45. Ana kiranta jarrabawar baka, amma ɗalibi ba ya buɗe baki. A takarda zai zaɓi kalmar da sautinta ya yi daidai da na wata, ko gaɓar da ake dannawa. Wanda bai taɓa jin kalmar da kunnensa ba, canke kawai zai yi.

A nan ne fim yake da rana. Na daɗe ina koyarwa a makarantar 'yan mata ta gwamnati, kuma tuntuɓen yaranmu kusan iri ɗaya ne. Hausa ba ta raba p da f ba, v kuma takan koma b a bakinmu. Baƙaƙe biyu ko uku a jere sai mun cusa musu wasali, shi ya sa muke da burodi da sukurudireba. Ga shi mu da karin sauti muke magana, Bature kuwa danna gaɓa yake yi. Alli da allo ba sa gyara wannan, sai kunne ya sha ji.

Sai dai ba kowane kallo ba. Fim ɗin Indiya da aka juya zuwa Hausa ba ya cikin lissafi, kada ta zo miki da wannan dabara. Ke da babanta za ku zaɓa, kin ga an rufe ƙofar ɓata tarbiyya. Ni na fi son shirye-shiryen namun daji da na tarihi, saboda mai bayanin yana magana a tsanake. A kunna rubutun ƙasan allo na Turanci, ta kalli minti ashirin, ta maimaita ba tare da rubutun ba. Sannan ta kashe, ta rubuta abin da ya faru cikin jimla biyar da kalmominta. Wannan atisayen taƙaitawa ne, domin masu maki suna rage wa wanda ya kwafo jimlolin labari yadda suke. Ki kuma ja mata kunne: maganar titi ta finafinan Amurka ba ta shiga wasiƙar neman aiki.

Inda malamin bai ƙarasa muku magana ba shi ne, yawancin makin yana bakin biro. Insha'i maki 50 ne. A ciki 20 na iya sarrafa harshe ne, 10 na tsabtar rubutu, wato harrafa kalma da aya da waƙafi da babban baƙi. Kowane kuskure rabin maki yake ci, kuskure ashirin ke nan goman ta tafi. Fim ba ya nuna wa yaro inda ake sa waƙafi. Ido ne ke ɗauka a shafi, a hankali.

Saboda haka rabin awa na karatu kullum, ko da bayan sallar isha'i ne. Ta fara da labari mai sauƙi da za ta iya gamawa, littafin da ke kai ta ƙamus kowane layi zai kashe mata gwiwa. Ta haɗa da shafin sharhi na jarida irin Daily Trust, don salonsa ya fi kusa da labaran da ake kawowa a jarrabawa. Sabawa da karatun za ta amfane ta a JAMB ma, tunda hukumar tana sa littafin labari da ake yin tambayoyi a kansa.

Idan wuta ko kuɗin data ya gagara, labaran Turanci na BBC a rediyo za su yi wa kunne aikin fim. Duk Asabar kuma ta rubuta insha'i ɗaya cikin minti 50, ta kai wa malamin ranar Litinin ya bi shi da jan biro.