Jan Ido: Shin Kowane Ɗigo Ya Dace?

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti kusa da Marwa. Da an fara girbin masakuwa sai masu jan ido su cika mana layi. Na saba rubuta ɗigo mai dexamethasone, amma wani manomi ya dawo bayan mako guda da farin tabo a baƙin idonsa, ba ya gani. Ni na jawo masa? Tun da na bar makaranta ba a sake horar da mu kan ido ba.

Amsa: Malama, ban ga idon ba, amma bayaninki ya yi kama da gyambon baƙin ido na fangas (ƙwayar cuta dangin funfuna), irin wanda kara ko ƙaiƙayin hatsi ke jawowa. Ki tura shi sashen ido na asibitin yanki a Marwa yau, ba gobe ba.

Daga yanzu, kafin ki rubuta komai, auna ganin kowane ido daban da allon gwajin gani mai harafin E. Haska tocila ta gefe, sannan ki taɓa takardar fluorescein (rinin gwajin ido) a cikin fatar ido ta ƙasa. Wurin da ya kuje zai yi kore shar a shuɗin haske. Kwantsa da ja kawai, gani lafiya, babu zafi: man tetracycline 1% ya isa. Amma zafi mai tsanani, ƙin haske, raguwar gani, ko mugunya kwance a ƙasan baƙin ido, wannan ya wuce hurumin ƙaramin asibiti. A fara ɗigon ciprofloxacin 0.3% kowace awa, kada a rufe idon da bandeji, a tura.

Abin da ke cin raina shi ne imanin cewa ɗigon da ya kashe ja shi ne ya warkar. Sitiroyid, irin dexamethasone ɗin da kike rubutawa, yana danne kumburi, yana kuma danne garkuwar idon. Kwana biyu ido ya yi fari, mara lafiya na ta sa miki albarka, fangas kuwa na can yana cin nama har ya huda. Gyambon bairos ɗin herpes mai kamar reshe, da aciclovir 3% sau 5 a rana zai warkar, in an sa masa sitiroyid sai ya bazu ya bar hakiya. Wasu kuma su ce ai da maganin ƙwayoyin cuta a haɗe cikin ɗigon sitiroyid ɗin. Amma neomycin da ke cikin irin waɗannan ɗigo, kamar Chibro-Cadron ko Maxidrol, ba ya taɓa fangas, ba ya taɓa bairos. Fangas natamycin 5% yake ji.

Na yara ya fi muni. Yaro mai ƙaiƙayin ido da ke dawowa duk rani, farin idonsa ya yi ruwan ƙasa, uwa ta riƙe tsohuwar takardar likita tana sayen ɗigon sitiroyid kwalba bayan kwalba wurin mai tallar magani a kasuwa, wanda ko sunan abin bai iya karantawa ba. Matsin ido da bai kamata ya wuce 21 mmHg ba ya hau shiru, jijiyar gani ta mutu, kuma ba ta dawowa. Ga yanar ido a kai. Alhali cromoglycate 2% sau 4 a rana da tsumma mai sanyi sun isa wa yawancinsu. Wanda ba shi da na'urar duba baƙin ido da ta auna matsi, ba shi da dalilin rubuta sitiroyid.

Batun horo kuwa, kada ki jira takarda daga ofis. Mujallar Revue de Santé Oculaire Communautaire kyauta ce a intanet, da Faransanci. Ki kuma roƙi shugabanki ya bar ki ki yi mako guda a sashen ido, ki dawo da fakitin fluorescein.