Kuben roba da ake gasawa: me ya sa nawa ya ƙi riƙe wuƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni maƙeri ne a nan Jos, ina ƙera wuƙaƙe da sifirin mota, mahauta da mafarauta ne masu saye. Ƙanena ya aiko mini da falle uku na robar Kydex daga Abuja don in gwada yin kube. Na gasa na farko a obin ɗin maiɗakina, ya yi ƙyalli, ya fito da ƙuraje, wari ya cika gida. Na biyu ya fito da kyau, amma da na kife kuben sai wuƙar ta zame ta faɗo. Falle ɗaya ya rage. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai, domin kuskure biyun da ka yi su ne aikin gaba ɗaya: sanin wuta da sanin inda kube yake kama wuƙa. Kada ka taɓa fallen nan na uku sai ka karanta zuwa ƙarshe. Na biyun ma kada ka yar, in dai ba ka huda shi ba yana nan da ransa.

Kydex sunan kasuwanci ne da aka sa wa robar. Robar haɗi ce ta akirilik da PVC, irin sinadarin da ake yin bututun ruwa da shi, kuma kamfanin Rohm and Haas na Amurka ne ya fara fito da ita a 1965 don yin kayan cikin jirgin sama. Daga baya ne masu yin kube suka gano amfaninta. Halinta shi ne, in ta ji zafi ta yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar fata, in ta huce ta daskare a siffar abin da aka danna ta a kai, in an sake gasa ta kuma ta miƙe ta koma falle. Kaurin da aka fi yin kube da shi milimita 2 ne. Mai milimita 1.5 na ƙananan wuƙaƙe ne, adda da manyan wuƙaƙen fawa kuwa sun fi son mai kusan 2.4.

Fallenka na farko ƙonewa ya yi. Robar tana son zafi tsakanin digiri 160 zuwa 180 a ma'aunin Salsiyas, in ta haura wajen 200 sai ta fara lalacewa. Wannan ƙyallin da ka gani, inda ɓarzajjen gefen ya koma sumul, shi ne alamar farko, ƙurajen su biyo baya. Warin nan kuma ba abin wasa ba ne, hayaƙi ne mai ƙona hanci da maƙogwaro da huhu. Don Allah ka raba aikin nan da obin ɗin da ake gasa abincin iyali. Nemi ƙaramin obin na lantarki, na hannu ma ya isa, ka ajiye shi a rumfa inda iska ke ratsawa. Kuma kada ka yarda da lambar da ke jikin maɓallinsa, ƙananan obin sun cika ƙarya, balle in wutar janareta ce tana hawa tana sauka. Kai da ka saba karanta zafin ƙarfe da ido, a nan da hannu za ka karanta. Sa safar hannu ta auduga mai kauri, shimfiɗa fallen a faranti, sumul ɗin gefen a ƙasa, ka riƙa ɗaga kusurwa ɗaya kana dubawa. Da farko zai ɗan lanƙwashe gefe-gefe, sannan ya kwanta. In ka ɗaga ya zubo laƙwas kamar tsumma, ba sauran tauri a tsakiya, ya nuna. Mintuna kaɗan ne, kada ka bar wurin.

Akwai abin da Jos ke ƙara wa aikin. Daga fitowa obin zuwa shiga matsi, wato abin da ake danne robar a kan wuƙa da shi, daƙiƙu kaɗan gare ka, kuma a garin da ke bisa tudu wajen mita 1,200, da safiyar hunturu robar tana sandarewa tun tana hannunka. Wuƙa mai sanyi ƙalau ita ma tana zuƙe zafin nan take. Saboda haka ka yi aikin da rana tsaka, matsin yana dab da obin, ka kuma ɗan ɗumama wuƙar a rana tukuna. Kada ka ji tsoron zafin robar zai kashe horon da ka yi wa ƙarfen, taɓawar ɗan lokaci ce, ba ta kai nan ba. Ƙotar da aka naɗe da fata ko aka manne da gam ce ke buƙatar lura.

Matsin ba sai ka saya ba. Guntun katako biyu masu kauri daga kasuwar Katako, hinji biyu, da soso mai tauri a kowane gefe, kaurin kamar santimita 2 zuwa 3. Soson katifa bai yi ba, ya cika laushi kuma zafi na cinye shi. Baƙin soso mai kama da roba, wanda in ka danna da yatsa yake turo ka, shi ake nema. In ba ka da abin ɗaurewa na kafintoci, ka hau kan katakon ka tsaya da nauyinka minti 10. Ni da haka na fara, kuma kuben farko da na yi alfahari da shi a ƙarƙashin ƙafafuna ya fito.

Yanzu ga babbar maganar, ta wuƙar da ta faɗo. Kuben fata da dukawan Naraguta ke ɗinkawa yana riƙe wuƙa ne da matse ruwanta tun daga tsini har sama. Kuben roba ba haka yake ba, kuma wanda ya zo masa da tunanin fata sai ya sha wahala. Shi a ƙota yake kamawa. Ana so bakin kuben ya haye kan ƙotar kamar santimita 2 ko 3, ya rungumi wani tudu ko kwari da ke jikinta, ta yadda in ka tura wuƙar robar za ta ɗan buɗe, ta wuce tudun, ta koma ta rufe da ƙara, ƙwas. Wannan ƙarar ita ce shaidar kube ya yi. Ina kyautata zaton kai ruwan wuƙar kaɗai ka rufe, ko kuma ƙotarka miƙaƙƙiya ce sumul irin ta yawancin wuƙaƙen fawa, ba inda roba za ta kama. In haka ne, gyaran a maƙera yake: ka fere ɗan kwarin yatsa a gaban ƙotar, ko ka bar mata ɗan kafaɗa. Abu kaɗan ya isa. In tudun ya yi yawa kuwa, sai ka ga ana kokawa da kube kafin a zare, wannan ya fi haɗari, don nan ne mutum ke yanke hannunsa.

Ruwan wuƙar shi sarari yake so. Kafin gashi, liƙa masa tef ɗin takarda irin na masu fenti, ninki 2 ko 3 a kowane gefe, ka yanke abin da ya wuce kaifi. In ka cire tef ɗin bayan an gama, wannan ɗan kaurin ya zama hanyar da wuƙa za ta shiga ta fita ba tare da gogar roba ba. Wanda ya tsallake wannan zai samu kuben da ke karce ƙarfe, ga ƙurar hunturu da ke shiga ciki ta zama kamar sanfefa.

Tunda falle ɗaya gare ka, yi na naɗi: ka ninka fallen a kan gadon bayan wuƙar, ƙarfen ya zauna sosai a cikin ninkin, buɗaɗɗen gefen yana wajen kaifi. Bai kai mai falle biyu cin roba ba. Yanka da yalwa, don robar tana ɗan tsukewa a wuta. Bayan ya huce, zana layi da fensir, ka bar kamar santimita 1.5 daga kaifi, nan za ka jera ramuka. Zobban ƙarfen da ake sawa irin waɗanda masu takalma ke sa wa ramin igiya ne, sai dai a nemi masu dogon wuya da za su ratsa ninki biyu, faɗin kamar milimita 6. Lura da zoben da ya fi kusa da bakin kube, shi ke hukunta ƙarfin riƙo: in ya matso kusa da ƙota kube ya yi tsauri, in ya yi nisa ya saki. Ni nakan matse wurin da yatsu biyu, in gwada zarewa, in matsa gaba ko baya har sai na ji yadda nake so, sannan in huda. Sai ka yanke saura da zarto, ka goge gefen da sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, ka wanke cikin tas kafin ka ɗaure zobban, don ɓarɓashin da ya maƙale ciki shi ne zai fara karce maka wuƙa.

In bayan haka riƙon bai yi ba, ba sai an koma obin ba. Ɗumama bakin kuben kaɗai da na'urar hura iska mai zafi, wuƙar tana ciki, ka danna da yatsa cikin safa inda kake so ya kama. Da ita kuma za ka ɗan tanƙwaro leɓen sama ya zama madogarar babban yatsa wajen zarewa.

Kada ka manta da ramin zubar ruwa a ƙasa wajen tsini. Ƙarfen sifiri yana tsatsa da wuri, ga damunar Jos mai tsawo. A nan ne robar ta yi wa fata nisa ga mahauci: ba ta shan jini, ba ta riƙe danshi, a wanke ta da ruwa da sabulu a kife ta bushe. Amma ka gaya wa masu saye su shafe wuƙa kafin su mayar, kada kuma su bar kuben a gaban mota cikin rana ko kusa da murhun tsire, zafi zai sassauta riƙon.

Kafin ka sa fallen ƙarshe a wuta, koma kan na biyun. Gasa shi ya miƙe, sake matsawa da ƙotar a ciki wannan karon, ka maimaita sau biyu ko uku har hannunka ya saba da saurin. In ya fara ba ka ƙarar nan, kife shi ka girgiza a kan buhu, nesa da ƙafarka. Ranar da wuƙar ta ƙi faɗowa, amma ta fito da turin babban yatsa ɗaya, sai ka ɗauko na ukun.